Wanda Ya Ɗaure wa Kure Haɓa

Awaki ne suka fara sanin akwai gawa a zangon. Ranar Juma'a da safe, bayan ruwan sama ya ɗauke, aka buɗe musu garke su sha ruwa, sai suka ƙi wucewa ta bayan rumfar dusa. Suka cure wuri ɗaya suna huci. Abdurrahim mahauci ya leƙa ya ga abin da ya tsare su, ya dawo da baya yana salati.

Kure ne. Micheal Kure, mutumin Kafanchan, tafintan kotu. A wannan ƙaramin zangon awaki da ke bayan Kasuwar Artisan a Inugu babu wanda bai san shi ba, domin duk Bahaushen da ƙaddara ta kai gaban alƙali, Kure ne ke zama bakinsa.

Nan da nan wurin ya cika, amma babu mai ɗaga murya. Abu ɗaya kowa ke gani: gawar Kirista, ma'aikacin gwamnati, a tsakiyar Hausawa, a garin mutane. Dattawa sun san yadda irin wannan ke ƙarewa. Wasu har sun fara kwance awakinsu daga turke, mata na ƙwala wa 'ya'yansu kira.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji wata murya. "Ƙasa na magana, kuna tattake mata baki."

Kallamu ne, tsoho mai sayar da igiya a bakin zangon. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a dazukan Yobe kafin ya gangaro kudu, kuma har yanzu idan yana tafiya kansa a ƙasa yake, kamar wanda ya yar da allura.

Ya zagaya gawar a hankali. Kure na kwance a gefensa na dama, fuskarsa na kallon alƙibla, idonsa a rufe. An ɗaure masa haɓa da farin hankici, ƙullin a tsakiyar kai. Daga ƙofar baya sawun manyan takalma ya shigo, na mutum biyu. Sun nutse a jar lakar wajen shigowa, wajen fita kuwa sama-sama suka taka. Ɗaya daga cikinsu akwai tsaga a dunduniyar takalminsa ta hagu. Kusa da ƙafar mamacin an ajiye silifas guda biyu, a jere. A wajen kansa kuma akwai wani abu da Kallamu bai gane ba: rami ɗaya zagayayye kamar gindin ƙwarya, da wani dogon kwarzane a gefensa.

Ya ɗauko bahon dusa ya kife a kan wurin, ya ɗora dutse.

'Yan sanda ba su daɗe ba. Ba su kalli ƙofar baya ba, ba su tambayi kowa komai ba. Babbansu ya tafi kai tsaye ya ɗauki silifas ɗin, ya juya su. Leburorin zangon kan ƙona lambar baronsu a jikin takalmi da ƙusa mai zafi, don kada a musanya musu a ƙofar masallaci. Waɗannan an ƙona musu goma sha bakwai.

"Who get number seventeen?"

Aka juya aka kalli Sagiru mai turin baro. Yana tsaye, ƙafarsa ba takalmi.

Aka jefa shi mota. Alhaji Awwalu, shugaban zangon, ya bi su yana ɗingishi da sandarsa, ya dawo ya ce Litinin za a kai Sagiru kotu, kowa ya kama bakinsa, kada a ja wa jama'a bala'i.

*

Barira, matar Sagiru, ta zo ta durƙusa a gaban igiyoyin Kallamu. Ba ta yi kuka ba. 

"Baba, wallahi ƙafa tsirara ya dawo daga sallar asuba. Yana ta faɗa, wai an sace masa takalmi a ɗakin Allah. Har na yi masa dariya, na ce ɓarawon ma ya yi asara, silifas ɗin da aka ɗinke sau uku."

"Kuna da kowa a garin nan?"

"Daga shi sai ni. Mutanenmu suna can Ɓaɓura." Ta ɗago. "An ce laifin kisa rataya ce, Baba. Da gaske ne?"

Kallamu ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Ya tashi ya bi hanyar masallaci, ya sami sawun tafin ƙafa tun daga ƙofa har ɗakin Sagiru, babban yatsa a buɗe irin na masu turin kaya. Bai karkata bayan rumfar dusa ba ko da taku ɗaya. Amma laka ba ta zuwa kotu, kuma rana ta fara cinye ta.

*

Kafin azahar magana ta koma kan Abdurrahim. An ji shi makon jiya yana zagin Kure a gaban teburinsa.

"Na zage shi, ban musa ba," in ji Abdurrahim, yana kora ƙuda daga kan nama. "Mutum ya zo sayen hanta, sai ya ce mini wai mu fara neman wani wuri, zangon nan ya riga ya tafi. Shari'ar filin da ba a ma ji shaidu ba! Na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Kallona ya yi kamar mai jin tausayina. Shi ya fi ƙona min rai." Ya ajiye wuƙar. "Malam Kallamu, kai ma zargina kake? Duba ƙafata mana, tunda ita ce littafinka."

Kallamu ya riga ya duba. Takalmin roba ne na mahauta, tafinsa sumul.

*

Likita Gimba, likitan dabbobin zangon, ya ja Kallamu cikin shagonsa ya tura ƙofa. Tsoho ne mai farin gashi, ya yi karatu a wata ƙasa a gabashin Turai tun zamanin mulkin gurguzu.

"Na taɓa Kure kafin 'yan sanda su zo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya sandare. Tun jiya da yamma ya mutu, kuma ba a nan ba. Shaƙe shi aka yi."

"To ka faɗa a kotu."

Gimba ya yi wata dariya marar daɗi. "Wace kotu? Ka san kamfanin da ke cewa filin nan nasa ne na Honarabul ne, babban ɗan siyasar nan. Ka san alƙalin da zai ji shaidunmu ranar Laraba. To gabansa za a kai Sagiru ranar Litinin. An yi kisa a zango, gwamnati ta rufe zango don tsaro, an sami mai laifi, an huta."

Ya cire tabarau ya goge.

"A ƙasar da na yi karatu, maigidan da nake haya wurinsa magatakardan kotu ne. Ya ce mini a teburin alƙalinsu akwai littattafan doka sun kai ashirin, da waya guda ɗaya. Idan wayar ta yi ƙara, sai a rufe littattafan. Bayan shekaru na koma ziyara, gwamnatin ta faɗi, an sauke gumaka, an canza tuta. Na tambaye shi wayar fa? Ya ce tana nan, mai bugowa ne kawai ya canza." Ya mayar da tabarau ɗin. "Ina da 'ya'ya mata uku a makaranta, Kallamu. Ban taɓa gawar nan ba. Ka ji ko?"

"Na ji."

*

Ranar Asabar Kallamu ya hau keke zuwa unguwar Asata. Gidan Kure cike yake da 'yan cocinsu, kuma da ya shigo da hularsa sai waƙar ta tsaya. Wani saurayi ya miƙe ya tare ƙofa.

"Bar shi," in ji Lai'atu, matar mamacin. "Baba Kallamu ne. Shigo daga ciki, Baba."

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ta rufe ƙofar ɗaki, ta tura hannu cikin buhun garin rogo ta zaro leda. Takardu ne shida.

"Ni ba na karatun boko, 'yata."

"Hukuncin shari'ar zangonku ne. An ba kamfanin Honarabul filin. Ga sa hannun alƙali, ga hatimi. Kwanan watan ranar Laraba mai zuwa ne." Ta buɗe shafi na uku. "Nan an rubuta cewa kotu ta saurari shaidunku huɗu, ta same su maƙaryata. Shaidun da ba su buɗe baki ba tukuna. Direban Honarabul ne ya kawo shi a ambulan, Micheal ya gani a ofishin magatakarda, ya ɗauki hoto ya buga biyu."

"Ina ɗayan?"

"Ya kai wa wani babba a cikinku Larabar da ta wuce, don a ba lauyanku. Na ce wa? Ya ce gara kada in sani. Alhamis da yamma aka kira shi a waya, ya fita da silifas ɗin wanka, ya ce yanzu zai dawo."

Kallamu ya kalli ƙofar da ta rufe. Ya so a ce bai shigo ɗakin ba, bai ga ledar ba.

Lai'atu ta ɗauko wani abu a kan gado. Farin hankicin ne.

"A mutuware suka ba ni. Sun ce da shi aka ɗaure masa haɓa, an rufe masa ido, an gyara masa kwanciya. Baba, mutumin da ya shaƙe ɗan'uwansa zai tsaya ya yi masa wannan?"

Kallamu ya karɓa ya duba ƙullin, wanda ba a kwance ba, zare shi aka yi. Igiya ce sana'arsa. Wannan ƙulli ne na zarge, mai sauƙin warwarewa, irin wanda ake yi wa mamaci don a kwance lokacin wanka. Hannun da ya yi shi ya yi shi sau da yawa.

Masu manyan takalma sun kawo gawar sun yar. Wani ne daban ya juya ta zuwa alƙibla. Kuma a zangon, mutum uku ne kacal ke wankan gawa.

*

Ya yi la'asar a sahun baya, abin da bai saba ba, kuma Allah ya yafe masa, ba sallar yake kallo ba, gwiwoyin masallata yake kallo. Da aka yi sallama ya daɗe zaune.

Abin da ya dame shi ba ganewar ba ce. A daji, ɓarawon shanu muguntarsa ce ke kama shi, ko haɗama, ko gaggawa. Wannan kuwa ɗan abin kirkin da ya rage masa ne zai kama shi. Da ya bar gawar kife a cikin taɓo ya wuce, da babu mai sani har abada. Kallamu ya tambayi kansa ko ya halatta a ɗaure mutum da igiyar tausayinsa. Sai ya tuna Barira durƙushe a gaban igiyoyinsa.

Kuma yana jin tsoro. Ya faɗa wa kansa wannan ƙarara, don kada ya ɗauka hikima ce ke hana shi tashi.

*

Lahadi bayan la'asar Kallamu ya tara jama'a a bayan rumfar dusa. Ya ce matar Kure na da magana. Samari suka hau katanga, wayoyinsu a hannu.

Lai'atu ta tsaya cikin baƙaƙen kaya, ta ɗaga hankicin.

"Ban zo faɗa ba. Wani a cikinku ya mutunta gawar mijina. Ya rufe masa ido. Na zo in yi masa godiya, in mayar masa da kayansa."



Kallamu ya kwarara bokitin ruwa a ƙasa, ya jawo buhun dusa ya kwantar.

"Malam Ahmad, kai ne ladaninmu, ka fi kowa wankan gawa. A ce wannan mamaci ne. Nuna mana yadda za ka ɗaure masa haɓa."

"Wannan wane irin wasa ne, Kallamu?"

"Ran Sagiru ne, Malam, ba wasa ba."

Malam Ahmad ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya tashi. Rami biyu a laka, gwiwa da gwiwa. Abdurrahim, na biyu cikin masu wankan gawa, ya durƙusa yana gunaguni cewa kullum shi ake gani. Rami biyu.

"Saura kai, Alhaji."

Alhaji Awwalu na zaune a kujerar roba, wadda a kanta yake salla tun da mota ta karya masa gwiwar hagu a hanyar Anacha. Ya yi murmushi, amma leɓensa na sama ya jiƙe.

"Haba Kallamu. Ka san ƙafata ba ta lanƙwasuwa."

"Na sani, Alhaji. Idan dole ta kama ka, da dama kake durƙusawa, ka miƙe ta hagu gefe."

Ya sauke dutsen, ya ɗaga bahon da ya kife tun ranar Juma'a. Lakar ta bushe da abin da ke cikinta: rami ɗaya zagayayye, da dogon kwarzane inda dunduniya ta ja ƙasa. Can gefe, ɗan ƙaramin huji na bakin sanda.

Wata akuya ta yi kuka a garke. Babu wanda ya juya.

"Ban kashe shi ba," in ji Alhaji. Muryarsa ta zama ta wani tsoho da ba a sani ba. "Na rantse da Alƙur'ani ban kashe shi ba."

"Na san ba ka kashe shi ba. Kai Kure ya kawo wa takardar?"

"Filin nan ya tafi, ko da takarda ko babu! Ku ba ku san mutanen Honarabul ba. Sun ce idan aka gina shaguna za a ba mu layi guda, mu da 'ya'yanmu. Na ce gara rabi da babu. Na buga musu waya ne kawai don su karɓi takardar, su tsorata shi. Sai ga su da asuba suna cewa in buɗe ƙofar baya." Ya rufe fuska da hannu. "Suka wurgar da shi rub da ciki, bakinsa cikin taɓo, kamar mushe. Mutumin da ya ci abinci a gidana. Ban san lokacin da na durƙusa ba."

Lai'atu ta matso ta ajiye hankicin a kan gwiwarsa. "Na gode," ta ce, ta koma inda take. Alhaji ya kalli hankicin kamar maciji.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Kallamu. "Takalmi ya fi arba'in a ƙofar masallaci da asuba. Baƙo bai san na wane da wane ba. Wa ya zaɓi na mutumin da ba shi da kowa a garin nan?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Barira ce ta yi wani sauti daga cikin mata, ba kuka ba, ba magana ba.

A kan katanga wayoyi goma sha wani abu na ɗauka. Lai'atu ta zaro ledar daga jakarta, ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya a gabansu. Kafin magariba abin ya kai kasuwar Mile One a Fatakwal, ya kai Kano, ya kai inda Kallamu bai taɓa zuwa ba.

*

Litinin aka tashi da yayyafi. Kotun ta cika har waje. Aka shigo da Sagiru, fuskarsa a kumbure, ƙafarsa har yanzu ba takalmi.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya yi magana kaɗan. Alƙali bai kalli Sagiru ba. Ya jawo wata takarda da aka riga aka buga, ya karanta da sauri, ya buga guduma. Sabon tafinta ya ce an janye ƙara, an sallami wanda ake tuhuma. Shari'ar zango kuma an ɗage ta sai abin da hali ya yi. Babu wanda ya ambaci Kure. Duk abin bai kai minti biyar ba.

Jama'a suka ɗauki kabbara. Likita Gimba, wanda ya laɓe a kujerar ƙarshe, ya raɗa wa Kallamu a kunne: "Wayar ta yi ƙara. Yau ta faɗo ta wajenmu, shi ke nan."

Suka fito harabar kotu, Barira riƙe da gefen rigar mijinta. Kallamu na tafe kansa a ƙasa kamar kullum. Kusa da baƙar motar alƙali, inda siminti ya ƙare, laka ta yi laushi. Sawu ne sabo, na babban takalmi. Tsaga a dunduniyar hagu.

Idonsa ya bi sawun da kansa, taku huɗu, har ya tsaya a kan takalmin. Mutumin na jingine da motar, ƙato, cikin rigar safari, riƙe da laimar da zai tare wa mai shari'a ruwa. Yana kallon Kallamu, kuma da alama ya daɗe yana kallonsa.

"Baba," ya ce cikin fara'a, "wetin you dey find for ground?"

Kallamu ya ɗauke ido daga takalmin. "Ba komai, oga. Tsufa ne."

"Take care of yourself, Baba."

Kallamu ya kama hannun Sagiru ya ja shi zuwa ƙofa.

"Baba, bari in biya zango in gode wa mutane, in ɗauki barona."

"Ba za ka biya ba. Akwai motar da ta sauke albasa za ta koma arewa da azahar. Kai da matarka kuna ciki."

"Amma ai an wanke ni, Baba. Alƙali da bakinsa ya faɗa."

"Takarda ya karanta. Wanda ya rubuta ta yana da wata takardar."

Sagiru ya sauka gefen titi, inda ƙasa ke da laushi, don kwalta na cin tafin ƙafarsa. Kallamu ya fizgo shi.

"Hau kwalta," ya ce. "Ni ma ita zan bi. Ba ta riƙe sawu."